Motar Surukina Mai Harbi a Gangare

Surukina ya yi shekara talatin da 'yan kai yana aikin malamin dabbobi, yana bin rugage da allura da akwatin ƙanƙara. Da ya yi ritaya, abin da ya dawo da shi gida shi ne ciwon gwiwa, da kunnen hagu da ya daina aiki gaba ɗaya, da na dama da ke aiki in ya ga dama, sai kuma wata tsohuwar jif koriya da ya saya a gwanjon ma'aikatarsu. Motar daji ce ta gaske, doguwar ƙafa gare ta, sandar giya biyu a ƙasa, babba da ƙarama, kujerun baya kuwa benci ne guda biyu suna kallon juna. Ta daɗe a ajiye a ƙofar gidansa a unguwar Bagadaza cikin Gombe. Duk ranar Juma'a yakan tashe ta, ya bar ta ta yi ɗumi, ya kashe, ya koma tabarmarsa.

A shekarun da hankali ya tashi a arewa maso gabas, lokacin da Gombe ta cika da shingayen sojoji, ni babur nake hawa. Dokar kuwa ita ce in ka zo shinge ka sauka, ka kashe babur, ka tura shi har ka wuce buhunan yashi. Wata rana surukina yana cikin motar haya ya hango ni ina tura babur cikin rana, 'yarsa tana biye da ni da tsohon ciki, riƙe da takalminta ɗaya da ya tsinke. Bayan kwana biyu ya aiko a kira ni, ya ɗora mini makullin jif a tafin hannu, ya ce ya ba ni halak malak. Na durƙusa na yi godiya. Ban isa in ce masa tsoron motar nake ji ba.

Labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare da ke can sama, bayan Tumfure. Gombe a cikin kwari take, wanda zai shigo ta hanyar Bauchi dole ya gangaro, don haka aikina kullum da safe hawa ne, da rana saukowa. A gindin gangaren akwai shinge, da durom-durom da katako mai ƙusoshi da ake ja da igiya. Fasinjata ta farko maƙwabciyarmu ce a Federal Low-Cost, wata 'yar Tangale mai koyar da kimiyya a makarantarmu, wadda har shugaban makaranta Madam yake kiran ta.

Ranar farko muka hau lafiya lau. Da aka tashi muka kamo hanyar gida, ina giya ta uku, na hango shingen daga nesa, sai na ɗaga ƙafa daga totur don in rage gudu. Muka ji tau, tau, sau biyu, a bayanmu kusa ƙwarai.

A wancan lokaci ba wanda yake tsayawa tambaya in ya ji irin wannan ƙara. Na cusa kaina ƙarƙashin sitiyari, ƙafata a kan birki, ina salati. Madam ta zame ƙasan kujera ta ɗora jakarta a ka tana addu'a da Tangalanci. Masu lemo da rake na bakin hanya suka watse, wani ɗan acaɓa ya yar da babur ya faɗa kwalbati, sojojin shinge suka kwanta bayan buhunansu. Aka yi tsit, ba abin da ake ji sai injin jif yana ta aikinsa hankali kwance.

Babban sojan wurin wani sajan ne ɗan kudu, kakkaura, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana isar da saƙo. Ya tambaye ni ta ina harbin ya fito. Ni kuwa da zuciya ɗaya na nuna masa gonar da ke bayanmu ta hannun dama, har na ƙara da cewa kamar na ga ciyawa tana motsi. Ya gode mini. Ya tura mutum biyu suka zagaye gonar, ba su samu kowa ba sai wani jaki a ɗaure.

Washegari a daidai wurin aka sake, wannan karon sau uku. Sai na fara zargin ni ake nema. Na zauna bayan la'asar ina lissafa ɗaliban da na taɓa kayarwa a jarrabawa da iyayen da na taɓa yi wa gatsali. Maiɗakina ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita dai ba ta ga wanda zai ɓata harsashi a kan malamin labarin ƙasa ba.

A rana ta uku Madam ba ta sunkuya ba. Da ƙarar ta tashi na ga ƙafata take kallo.

“Malam, ka lura kuwa?” in ji ta. “Mutanen nan ba sa harbi sai ka ɗaga ƙafa.”

Ta ce in taka totur. Na taka, shiru. Ta ce in ɗaga. Tau. Ta ce gwaji ɗaya ba ya tabbatar da komai, a sake. Muka sake, muka kuma sakewa. Kafin mu iso shinge mun yi harbi ya fi a ƙirga, duk saboda kimiyya. Sajan yana tsaye tsakiyar titi ya harɗe hannuwa a ƙirji. Shi ma ya gano, ba tare da ɗakin gwaji ba. Ya ce kwana uku ke nan yaransa suna ƙuje gwiwa saboda ni, mai jakin nan ma ya kawo ƙara. Ya ce in motar ta sake yi masa magana zai ba ta amsa, kuma a tayoyi zai amsa. Madam ta ba shi haƙuri da Turanci, ni na ba shi da Hausa, ya ja katakon muka wuce.

Na je wajen surukina. Ba a shiga gaban suruki a ce masa kyautarsa tana da aibi, saboda haka sai da na yi gaisuwa mai tsawo, na yabi ƙarfin injin da faɗin kujeru, sannan na ce, a kusa da kunnensa na dama, kamar dai akwai wata 'yar ƙara a salansa, wato bututun hayaƙi. Ya ce shekara ashirin yana tare da motar nan bai taɓa jin ta yi ƙara ba. In ma akwai wani abu, to fetur ɗin zamani ne, ruwa-ruwa. Amma don ya kwantar mini da hankali ya sa hularsa ya shiga gaba, ya ce mu zaga.

A cikin unguwa ƙasa shimfiɗe take, mota ba ta ce uffan ba. Sai na bi da mu wani layi da ke gangarawa wajen kwari, na ɗaga ƙafa. Ta buga wani irin tau da ban taɓa jin kamarsa ba. Kaji suka tashi sama, wata mata ta saki tulunta, wani tela ya fito daga shago da almakashi a hannu ya shige gidan da ba nasa ba. Surukina ya juyo ya dube ni da murmushi.

“To ka ji, Malam. Shiru kamar agogo.”

Na ce haka ne, Baba.

Tunda ba dama in kai ta gareji ba da izininsa ba, ba dama kuma in ajiye ta ya ji labari, sai na nemo dabara da kaina. Na lura in na sa ta a firi, wato na cire giya gaba ɗaya, ba ta harbi. Sai na riƙa cire giya tun daga saman gangaren, in ɗora ƙafa a birki, mu sulalo a hankali har shinge. Kwana takwas muna haka. Sajan har ya fara ɗaga mini hannu. Na ji kaina ya yi girma, na faɗa wa malamai a ofis cewa gyaran mota ba wani abu ba ne, lura ce kawai. Madam ta ce ita tana jin wani ƙauri duk sanda muka sauko, kamar an bar tukunya a wuta. Na ce masu gasa masara ne.

Ranar da abin ya faru ana zafin nan na bazara. Madam ta sayi buhun masara biyu a wajen wani mai gadin makaranta, malamai huɗu kuma suka roƙi in rage musu hanya, suka jeru a bencin baya gwiwa da gwiwa. Muka sulalo kamar kullum. Wajen rabin gangaren na ji birki ya yi laushi. Na ƙara takawa ya ƙara nutsewa, har ƙafata ta taɓa ƙasan mota. Na ɗaga na sake takawa, kamar ina taka soso. Na ja hambirki, sandar ta taho har kusa da kafaɗata ba abin da ta riƙe. Na yi ƙoƙarin mayar da giya, ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa ta ƙi shiga.

Ba wani gudu muke yi ba, Allah ya taimaka wurin ya fara kwanciya, amma tsayawa ce babu. Na ce wa Madam a hankali babu birki. Ta leƙa ta taga har ƙugu tana ɗaga hannu biyu tana faɗa wa shinge da Turanci da Hausa cewa malaman makaranta ne, birki ne. Malaman baya, da suka ji, kowa ya kama na gabansa. Ban san abin da ya shiga zuciyar sajan ba a wannan ɗan lokaci, mota tana nufo shi ba ta da niyyar tsayawa, a zamanin da ake buɗe wuta a kan abin da bai kai haka ba. Na dai ga ya daka wa yaransa tsawa, ya fizgi igiyar katakon da kansa, ya hamɓare durom ɗaya da ƙafa. Muka wuce ta gabansa, na ma gaishe shi, ban san na yi ba sai da aka ba ni labari. Gaba kaɗan akwai masu buga bulo da tarin yashinsu. Na karya sitiyari, jif ta hau yashin har rabi ta tsaya, hancinta sama, buhun masara ɗaya ya kwanta a cinyar malamin lissafi.

Kafin sajan ya gama faɗa, kafin masu bulo su gama nasu, an yi kusan minti ashirin. Sajan ya ce in sauka. Ya shiga ya taka birkin da kansa, sai ga birki ya dawo da ƙarfinsa kamar dutse. Ya taka sau uku yana kallona. Na rantse, Madam ta ba da shaida, amma ga birki nan yana ƙaryata mu a gaban jama'a.

A nan ne wani mutum ya taso daga benci a inuwar wata darbejiya da ke tsallaken titi. Dogo ne siriri, da zane a fuska irin na Barebari, da akwatin ƙarfe na kayan aiki a gefen bencinsa. Ya yi sallama, ya tsuguna wajen tayar gaba, ya tofa yawu a jikin ƙarfen da ke bayan taya. Yawun ya yi cuu ya bushe. Ya ce wa sajan malamin nan bai yi ƙarya ba. Dafa birkin ya yi kamar girki. In aka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, ƙarfe yakan yi zafi, man da ke ciki ya tafasa ya zama iska, iska kuwa ba ta riƙe mota. In ya huce sai ya dawo kamar ba shi ba. Ya ce mota mai nauyi irin wannan inji ne yake riƙe ta a gangare, birki taimako kawai yake yi, wanda ya cire giya ya kori babban ma'aikaci ya bar ƙarami da kaya.

Na ce ai in na bar giya harbi take yi. Ya ce ya sani, ya ji ta tun ranar farko. Shi kaɗai ne bai tashi daga bencinsa ba duk kwana ukun nan. Sajan ya tambaye shi yadda aka yi ya san ba bindiga ba ce.

“Ofisa, daga Bama na zo,” in ji shi. “Na san muryar kowacce. Wannan tana shaƙewa kafin ta buga, bindiga ba ta yin haka.”

Sajan ya sa yaransa suka taya mu turo motar daga yashi.

Mutumin bakanike ne, ya baro garejinsa da gidansa, ya iso Gombe da iyalinsa da wannan akwatin, suna zaune a ɗaki biyu a gidan wani ɗan'uwan matarsa a Barunde. Bai samu rumfa ba tukuna, shi ya sa yake zama a gindin gangaren, don ya lura a nan motoci suka fi lalacewa. Na kai labarinsa wajen surukina. Da ya ji 'yarsa ma tana shiga motar nan zuwa awo, ya amince a duba, amma da sharaɗi: a ƙofar gidansa za a yi, a gaban idonsa.

Ranar Asabar da hantsi muka taru. Maiɗakina ma ta zo, ta ce ba za a ba ta labari ba. Bakaniken ya fara da salansa. Ya tashi inji, ya ba ni tsumma ya ce in toshe bakin salansar da shi, in danne da tafin takalmina. Ya ce in bututun lafiya yake inji zai shaƙe ya nemi mutuwa. Na danne iya ƙarfina, inji ko a jikinsa, sai wani fito da ya taso daga gaba. Ya ɗauki guntun tiyo ya sa baki ɗaya a kunne, yana bin bututun da ɗaya bakin, daga baya zuwa gaba, kamar likita yana auna ƙirji. Da ya zo kusa da inji, inda bututun ya haɗu da shi, ya tsaya. Ya kashe mota, ya jira ta huce, ya shige ƙarƙashi. Muka ji yana kwance waya. Can ya fito da wani abu baƙi ƙirin, ya kankare shi da sukudireba, sai ga hoton saniya ya bayyana. Gwangwanin madara ne aka fasa aka naɗe bututun da shi.

Fuskar surukina ta washe. Ya ce shi ya yi wannan aikin da hannunsa, a wata ruga bayan Nafaɗa, da damina, lokacin da dutse ya fasa bututun, kuma da wayar shingen wani Bafulatani ya ɗaure. Ya ce a duba a gani, shekara nawa, har yanzu yana nan. Bakaniken ya ce lalle aiki ya yi kyau, ba kowa zai yi tunanin haka a daji ba, sai dai gwangwanin ya gaji, ya huje ta wuri uku. Ya yi mana bayani: in an ɗaga ƙafa a gangare, ɗanyen fetur yakan biyo bututu, iska kuma ta shigo ta hujin, su haɗu a wuri mai zafi su kama. Ƙarar ke nan. Na maimaita wa surukina a kunnen dama. Ya gyaɗa kai ya ce ai ya faɗa tun farko, fetur ɗin zamani ne. Ya karɓi gwangwaninsa ya sa a aljihu.

Aka cire bututun aka kai wa mai walda a bakin layi, aka sa sabon gaskit a mahaɗarsa da inji don toshe iska. Sannan aka zo kan birki. Da bakaniken ya buɗe ɗan kofin man birki ya leƙa, ya sa yatsa ya murza, ya sansana. Abin da ke ciki ruwan toka ne, har da kumfa. Ya tambayi abin da ake zubawa. Surukina ya ce man birki mana, in kuma ya yanke a daji akan kaɗa garin sabulu da ruwa, duk direbobin gwamnati haka suke yi. Aka tambaye shi yaushe rabon da a zuba na gaske. Ya yi tunani ya ce a lokacin dai maiɗakina ba ta shiga firamare ba.

Sai an zubar da tsohon an zuba sabo, a kuma fitar da iska daga kowace taya. Aikin mutum biyu ne: ɗaya a ƙarƙashi yana kwance noti, ɗaya a kujera yana taka birki, ya riƙe in an ce ya riƙe, ya saki in an ce ya saki. Na nufi kujera, surukina ya riga ni. Ya ce ba wanda ya san ƙafar motar nan kamarsa. Bakaniken ya ce daga ƙasa a taka. Baba yana zaune yana kallon gaba. Na je taga na ce Baba a taka, ya ce ai bai saka komai ba. Da ya gane ya taka, aka ce ya riƙe, ya saki. Aka ce ya saki, ya taka da ƙarfi, mai ya yi tsartuwa ya wanke wa bakaniken gemu. Ya fito yana share fuska, ya ce innalillahi, ya koma. Muka yi haka a taya ɗaya har aka kira azahar.

Bayan salla maiɗakina ta shiga gida ta fito da ludayi. Ta tsaya a gaban gilashi da cikinta, ta ce wa mahaifinta in ludayi ya yi ƙasa ya taka, in ya tsaya a tsakiya ya riƙe, in ya yi sama ya saki. Bakaniken ya faɗa, ni in maimaita, ita ta juya ludayi, Baba ya bi. Maƙwabta suka fito suna kallo. Kafin la'asar an gama taya huɗu, aka ɗaure hambirki, surukina ya sauko yana ɗingishi yana cewa da ma tun farko an yi masa magana sosai da an daɗe da gamawa.

Saura gwaji, kuma ba inda za a gwada sai a gangaren. Bakaniken ya ce kada mu yi sai mun sanar. Muka tsaya a shinge na gaya wa sajan za mu hau mu sauko, mai yiwuwa a ji ƙara, mai yiwuwa ba za a ji ba. Ya ce ya gode da aka faɗa masa wannan karon. Ya aika aka gaya wa masu lemo da masu rake da masu bulo. Masu bulo suka tsaya a gaban yashinsu da shebur. Kafin mu kai sama labari ya bazu, mutane sun jeru a bakin titi, wasu sun toshe kunne tun kafin a fara.

A saman gangaren muka juya muka tsaya. Ni ke tuƙi, surukina a gefena, bakaniken a bencin baya ya jingina da kujerata. Daga nan ana ganin garin gaba ɗaya a ƙasa, rufin kwano yana ƙyalli. Bakaniken ya dubi garin, ya ce ranar da suka fito daga garinsu, motar da ta rage a garejinsa wata ce da aka kawo gyaran birki bai gama ba. Ya zuba mutum goma sha ɗaya a ciki ya tuƙa ta haka. Ya ce ƙasarsu shimfiɗe take kamar faranti, in kana son tsayawa ka ɗaga ƙafa ka jira, su kuma ranar ba tsayawa suke so ba.

“Sai da na zo Gombe na san abin da ya sa Bature ya yi birki,” in ji shi. Ya dafa kafaɗata ya ce in sa giya ta biyu, in bar ta a ciki, birki kuma in riƙa taɓawa ina saki.

Ina shirin tashi surukina ya kai hannu ya ja ƙaramar sandar giyar nan, wadda tun da aka ba ni motar ban taɓa ta ba. Ya ce da ita ake sauka, shi da ita ya sauko duwatsun Tula. Na dubi bakaniken ta madubi. Ya ce wannan ta dutse da laka ce, ba ta kwalta ba, amma sau ɗaya ba zai kashe ta ba, a bar Baba.

Muka fara saukowa. Inji yana kuka kamar muna gudun ɗari, mota kuwa tana tafiya kamar ana jan ta da igiya. Na ɗaga ƙafa gaba ɗaya. Ba tau, ba komai. Wani mai keke ya wuce mu. Wata mai tallar gyaɗa ta jera da mu tana tafiya a ƙasa, har surukina ya saya ta taga ya karɓi canji ba tare da mun tsaya ba. Tirela biyu suka taru a bayanmu suna ta hon. Mutanen da suka toshe kunne suka gaji suka sauke hannu. Da muka iso shinge na taɓa birki, ta tsaya cak. Wani mai lemo ya ce shi da ya san haka ne da bai bar tirensa ba. Sajan ya ce mu koma mu sake, amma da gudun mutane. Muka koma, bakaniken ya mayar da ƙaramar sandar wurinta yayin da Baba yake ɓare gyaɗa, muka sauko a giya ta biyu cikin mutunci. Shiru. Sajan ya leƙo ya ce wa bakaniken motar sintirinsu ma tana wani ƙara a gaba, ko zai duba ranar Litinin.

Daga wannan aikin ne ya fara samun mutane. Malaman makarantarmu suka riƙa kai masa motocinsu, kafin damina ta faɗi ya kafa rumfar kwano a gindin darbejiyar. Ranar sunan 'yarmu shi ya kwaso mata daga Barunde da Bagadaza a jif, sawu uku, don ni an ce angon ƙarni ba ya tuƙi. Da yamma na same su a tabarma shi da surukina, suna gardama a kan ko shanun bakin tafkin Chadi sun fi na Gombe nono. Kowa yana ɗaga murya, kuma da na tsaya na saurara sai na gane Baba a kan raƙuma yake magana. Na ajiye musu kwanon fura na koma wajen baƙi.